Neman Shawara Kan Gurbin Farashi a Takardar Kuɗin Wuta

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana kwamfuta. Ina tsara rumbun bayanai na takardun kuɗin wutar lantarki, inda na ware wa kowane abu gurbinsa: yawan yunit da aka sha, farashin yunit, harajin VAT na kashi 7.5, da bashin baya. Abin da ya gagare ni shi ne idan farashi ya sauya a tsakiyar wata, kamar yadda NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, ta mayar da na rukunin A, wato masu amfani da wuta da aka ware wa aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, domin gurbi ɗaya ba ya ɗaukar farashi biyu, lissafin harajin ma sai ya rikice. Shin in raba cajin gida biyu, kowanne da ranakunsa, ko akwai hanyar da ta fi wannan? Na gode.