Musayar baitoci kan Nikolai Rimski-Korsakof, mai tsara kiɗa ɗan Rasha

Baban Zaure:
Jama'a, amsa-amon yau "wa" ne. Bismillah.

A Tikbin ta ƙasar Rasha,
1844 aka yi haihuwa.
Nikolai ya bi sawun yayansa,
Ya sa kakin sojan ruwa.
Jirgin Almaz ya ɗebe su,
Ingila, Amurka sun yi zuwa.
A 1888 ya tsara Shaharzad,
Goge ke mata muryar faɗawa.
Ku ji tekun Sindbad a ciki,
Wanda ya sha teku ke kaɗawa.

Bakatsiniya:
Baba, ka tsallake tsokar zancen:
A 1871 aka yi kirawa,
Makarantar kiɗa ta San Fitasbag
Ta ce ga aji, zo koyarwa.
Shekara 27 gare shi,
Kunne akwai shi, ga baiwa,
Ƙa'idar tsari ce babu,
Kuma ya faɗa, ba ɓoyewa.
A gida ya duƙufa bita,
A aji ya zo yana biyawa.
Daga hannunsa Gilazunof ya fito,
Har Sitrabinski ya yi ɗaukowa.

Ɗan Kurmi:
Yaya, ai ƙa'idar da ya koya
Ita ce ta jawo ɓatawa.
Shi da Musorgski, mai tsara kiɗa, ɗaki guda,
Fiyano ɗaya suke rabawa.
Aboki ya rasu a 1881,
Sai ga alƙalamin gyarawa.
Ya ɗauko Boris Godunof, wasan waƙar abokin,
Duk inda kaushi yana gogewa.
Kaushin nan da gangan aka sa shi,
Wa ya aike shi sharewa?

Bakatsiniya:
Ƙanena, sassauta zafin kai.
Abokinsa Borodin ya rasu ba kammalawa,
Ya bar wasan waƙarsa, Yarima Igor, a warwatse,
Rimski da Gilazunof suka yi haɗawa.
Boris ɗin da kake wa kuka,
Gyaran ne ya kai shi Faransawa,
A 1908 a birnin Faris,
Daga nan duniya ta yi saurarawa.

Ɗan Kurmi:
Igor maraya ne, na yarda,
Dole wani ya yi ɗaukawa.
Boris kuwa mai shi na da rai
A 1874 aka yi nunawa.
Rigar da tela ya gama ɗinki,
Me ya kawo sake yankawa?
Ga manyan gidajen wasa yanzu
Kan na asalin suke komawa.

Malama Ta-Damagaram:
Ku biyun nan kun cika gardama. Ga abin da kuka bari:

A 1905 ƙasa ta ɗau zafi,
Ɗalibai suka yi tayarwa.
Malam ya tsaya bayan yaransa,
Hukuma ta yi masa korarwa.
Malamai Gilazunof da Liyadof suka ce
In ba shi, mu ma sai ficewa.
Ba a jima ba aka mai da shi,
Amma bai bar tsokana tasa ba, kun ga:
Wasan waƙar Zakaran Zinariya ya rubuta,
Sarki wawa yake zolayawa.
Masu tace wasa suka riƙe shi,
1908 ya yi rasuwa,
Sai a 1909 a Mosko
Zakaran ya samu yin carawa.

Baban Zaure:
Malama, baiti na takwas ya zame daga "wa". Mun gani.

Ɗan Kurmi:
Kan 1905 na cire hula,
Kan Boris kuwa ba saukowa.

Yaya, nemo wurin naɗin sarautar Boris, inda ƙararrawa ke tashi, ki saurari na Musorgski da na Rimski a jere, gobe mu ci gaba.