Zanena ya cika tsafta, ya zan yi ya saki jiki kamar na fenti?

Mai_Zane_Gangare:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Shekara 3 ina zane a waya da manhajar ibisPaint, bana na koma manhajar Krita a kwamfuta, amma har yanzu duk abin da na zana a ƙame yake fitowa kamar da reza aka yanka shi. Jiya na zana wata mai tumatir a kasuwar Farin Gada ta Jos daga hoton da na ɗauka, awa 6 ina kai, kowane tumatir sai da na bi shi ɗaya bayan ɗaya har ɗigon hasken jikinsa, da na gama na duba wallahi ba rai a ciki, sanyin safiyar nan da hayaniyar kasuwa duk babu. So nake a ga sawun burushi kamar fentin mai. Burushin zan canza ne?

Yar_Rayfield:
Wa alaikas salam ƙanena. Ba burushi ba ne, matso da hoton da kake yi ne, ai in ka zuƙo shi har tumatir ɗaya ya cika fuskar kwamfuta dole ka yi ta ƙaƙale. Mayar da shi ƙarami kamar tafin hannu, ɗauki burushin da ya fi wanda ka saba girma sosai, leya ɗaya tak (wato shimfiɗar da kake zane a kanta cikin manhajar), ka kashe abin nan mai daidaita layi. Sai ka kanne ido ka kalli hoton, za ka ga tiren tumatir ɗin dunƙule ɗaya ne ja mai duhu, haske ya taɓa uku ko huɗu a sama. Su kaɗai za ka fitar, ido zai cike sauran.

Tsohon_Dalibin_Zariya:
Ta faɗi gaskiya, amma ɗana kar ka ɗauka sakin hannu gaggawa ce ko shirme. John Singer Sargent, mai zane ɗan Amurka da ake yabon shafarsa kamar sau ɗaya ya ja burushi, an san shi da kankare fuskar da ya zana ya sake daga farko har sai ta zauna. Tunani ake yi kafin a ɗora, in an ɗora a bar shi, kar a bi shi da murza. Murzar nan ce ke sa fata ta koma kamar roba. Kuma ka rage launi, dubi mai zane Anders Zorn na Suwidin, launi 4 ake danganta masa: fari, baƙi, ja da ruwan ɗorawa mai kama da ƙasa. Abin da ya fi ba ni wahala lokacin koyo shi ne baki, wato inda abu ya ƙare wani ya fara. Inda inuwar mayafinta ta haɗu da duhun rumfa bar su su narke, fuska da hannun da ke miƙa canji kawai za ka kaifafa.

Dan_Bukur:
Ni abin da ya taimake ni agogo ne, minti 20 ko an gama ko ba a gama ba na ajiye. Kuma Allah ya ba mu hunturu, fita da safe ka kalli duwatsun Shere cikin hazo, ba layi ko ɗaya sai toka-toka kala-kala. Monet, mai zane ɗan Faransa, a 1872 haka ya zana tashar jirgin ruwan Le Havre da ke ƙasarsu, jiragen 'yan shafe-shafe ne kawai cikin hazo, rana ɗigo ɗaya. Batun leya ɗaya dai ni ban bi ba yaya, biyu nake yi, baya daban mutum daban.

Mai_Zane_Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na sake ta yanzu a minti 20, tumatir 4 kawai na fitar kuma tiren ya fi na jiya kama da tire. Fuskar ce ta dagule, hannuna sai ya koma ƙaramin burushi. Baba, a fuska wane ɓangare ake fara ɗorawa, inuwar ido ko hasken goshi?