Girman tankin tarwada a bayan gida

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan fili a bayan gida nan Agege, tsawo mita 4, faɗi mita 3. Ina so in yi kiwon tarwada, amma manya nake so, masu kai kilo biyu, irin waɗanda masu farfesu ke nema. Wane girman tanki zan gina, kuma ruwa nawa zai ci?

Mai Kifi Ikorodu:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka cinye filin duka, bar inda za ka zagaya da raga. Gina mita 3 da mita 2, zurfi mita 1.2, ruwan ya tsaya a mita 1. Lita 6,000 ke nan, nauyinsa tan 6, don haka a zuba kankare mai ƙwari a ƙasa. Ka san ƙasar Legas akwai danshi. Santimita 20 da suka rage na tsalle ne, domin tarwada na ficewa, musamman da daddare in ana ruwan sama.

Hajiya Mile 12:
Ni dai ɗan'uwa shawarata ka raba shi gida biyu. Tarwada ba ta girma bai ɗaya, babba kuma tana haɗiye ƙarama, dole ka riƙa ware su. Faɗi ya fi zurfi amfani, tunda sama take hawowa ta shaƙi iska. A karkatar da daɓen zuwa bututun fitar da ruwa. Sabon siminti kuwa yana kashe kifi, sai ka jiƙa shi ka zubar sau da yawa tukuna.

Ɗan Agege:
Na gode Hajiya, Allah ya saka. Gida biyun zan yi, burtsatse na kusa.