Na gina ɗaki kan ramin da na cike da baraguzan dutse, yanzu bango ya tsage

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ni direban tifa ne, shekara 6 na yi a wajen haƙar kwal na Maiganga a Gombe kafin mahaifinmu ya rasu na dawo gida Gider a Kamaru, kuɗin da na tara na sayi fili da su, amma akwai rami a ciki kusan mita 3 inda aka ɗebi ƙasar bulo. A Maiganga da idona na ga mota da lodi tana bi ta kan tulin ɓaraguzai ba ta nutse ba, shi ya sa na kawo ɓaraguzan dutse daga wajen garin Figil da ke kusa da mu na cike ramin da rani, na gina ɗaki biyu. Tun ruwan watan 8 bango ya tsage daga kusurwar taga, ɗan yatsa yana shiga, ƙofa ta daina rufuwa, daɓen in ka ƙwanƙwasa kamar ganga. Iyali na ciki.

Tsohon ma'aikacin hanya:
Ɗan uwa ka yi kuskure tun farko. Juyewa daban, daddaɓewa daban. A aikin hanya santimita 20 zuwa 30 muke shimfiɗawa, a yayyafa ruwa daidai, inji ya bi, sannan a ƙara wani, har sai daddaɓewar ta kai kashi 95 na gwajin Proctor, wato gwajin da ke nuna iyakar yadda ƙasa za ta iya daddaɓuwa. Kai ka zuba mita 3 lokaci guda a bushe, ruwa na shiga garin dutsen ya gangara cikin ramukan da ke tsakani, komai ya zauna. Tulin kwal ɗin ma da ka gani, saman da taya ke bi ne kawai ya taurara. A Aberfan ta Birtaniya a 1966 irin wannan tulin ne ya sha ruwa ya zubo kan makaranta, mutum 144 suka mutu, 116 yara ne.

Mai tambaya:
Yallaɓai ai tifa ta bi ta kai sau da yawa, kuma nawa dutse ne ba kwal ba.

'Yar Marwa:
Mu nan karal, wato ƙasar laka, ce ke tsaga mana gida, da rani ta dare da damina ta kumbura. Magini ya ci mana siminti buhu 15 ya gudu, har yau maigida bai huce ba. Allah ya isa.

Ɗan Kusiri:
Kawu ka malala ruwa sosai ya gama zama gaba ɗaya, sai ka toshe tsagar.

Tsohon ma'aikacin hanya:
Kul! Da gini a kai? Mai tambaya ya ɗaura indararo ya kai ruwan rufi nesa, ya manna siminti a kan tsagar ya rubuta rana, in ya sake fashewa ƙasa na tafiya. A tona gefen bango a ga ko tushen ya taɓa ƙasar asali. Ku koma wani ɗakin tukuna.

Mai tambaya:
Tushen mita 1 ne kuma rodi na sa mai kyau. Ɗayan ɗakin mahaifiyata ce a ciki, ina za mu koma? Babu wanda ya taɓa gyara irin wannan ba tare da rushewa ba?