Kyanwata na ta amai tun jiya, me zan ba ta ta ci?

Uwar Biyu, Jidda:
Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Kyanwarmu ce ba lafiya tun jiya da la'asar, amai take ta yi, zuwa yanzu sau huɗu. Na farko shinkafa da kaza ta dawo da su, sauran kuma kumfa ce kawai mai ɗan rawaya-rawaya. Shekaranjiya aka yi walima a gidan da nake aiki aka ba ni ragowar kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da kaza irin ta Larabawa, na kawo gida, ashe yara sun zuba mata a kwanonta ban sani ba, ya kwana ya wuni a baranda inda ba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kun dai san zafin Jidda. A bakin bakala, wato shagon unguwa, muka tsince ta tana 'yar mitsitsiya shekara biyu ke nan, da sirinji na raine ta, wlh ji nake kamar ɗaya daga cikin yaran ne a kwance. Yanzu ta shige ƙarƙashin kujera ta dunƙule, in na kira ta tana ɗago kai ta dube ni. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa rabin Panadol a madara in ɗura mata, ban yi ba tukuna hankalina bai kwanta ba. In bar ta da yunwa ne ko in matsa mata ta ci?

Hajiyar Misfala, Makka:
Wslm. 'Yar uwa dan girman Allah kar ki ba ta Panadol, ko ɓalli kar ki ba ta. Guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi irin tamu, ƙwaya ɗaya tana kashe ta, jinin ya lalace dasashi ya koma ruwan ƙasa fuska ta kumbura. Duk maganin ciwon jiki na mutane haka ne, har Brufen. Madarar ma ki ajiye, yawancin kyanwoyi in sun girma ba sa narkar da ita, gudawa za ki ƙara mata a kan amai. Allah ya sa da kika tsaya kika tambaya.

Baban Yara, Madina:
Ni dai a gida can da muke da karnukan farauta in kare ya yi amai hana shi abinci ake kwana ɗaya cur ko biyu, cikin ya huta ya warke da kansa. Ki bar ta kawai Hajiya, dabba ta san maganinta.

Hajiyar Misfala, Makka:
Malam a yi haƙuri, kare daban kyanwa daban. Kyanwa in ta kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba kitsen jikinta ne ke taruwa a hanta, musamman mai ƙiba, kuma wannan ciwon ya fi aman da ake gudu haɗari nesa ba kusa ba. Hutun ciki na 'yan awanni ne, kamar 6 zuwa 8, kar dai ya wuce 12, in kuma jaririya ce ba a hana ta ma sam don sukarin jininta saurin faɗuwa yake.

Uwar Biyu ga yadda nake wa nawa, uku gare ni kuma duk sun taɓa yi min haka. Ki fara da ruwa, kaɗan kaɗan, kar ki cika kwano ta shanye lokaci ɗaya ya dawo, cokali ɗaya ko biyu duk bayan rabin awa. In ya zauna ki samu tsokar ƙirjin kaza ki cire fata da ƙashi ki dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi ba mai, musamman ba albasa ba tafarnuwa, waɗannan biyun suna fasa musu ƙwayoyin jini ko dafaffu ne, kuma kin san kabsa ba ta yiwuwa sai da albasa da kayan ƙamshi, ga maiƙo. Ki yayyaga naman ƙanana sosai ki zuba ɗan romon a kai da ɗumi-ɗuminsa don ƙamshin ne ke jawo ta. Cokalin shayi ɗaya za ki fara ba ta, ɗaya tak, ko ta bi ki tana kuka kar tausayi ya sa ki ƙara, nan ne yawancinmu muke kuskure. Ki jira awa biyu, in bai dawo ba ki ƙara wani. Haka sau biyar ko shida a wuni. Gobe ki ɗan ƙara yawa, jibi ki fara haɗawa da abincinta na kullum rabi da rabi har ta koma daidai. Kazar zalla ta kwana biyu zuwa uku ce kawai, ba ta ƙunshi duk abin da jikinta ke buƙata ba.

Sannan ki kama fatar ƙeyarta ki ɗaga ki saki, in ta koma nan take da sauƙi, in ta tsaya a tsaye ko kika taɓa dasashinta kika ji ya bushe yana danƙo to ruwan jikinta ya yi ƙasa, wannan sai ƙarin ruwa a asibitin dabbobi.

Ɗan Kassala a Riyad:
Hajiya ta gama magana, abu ɗaya zan ƙara don ni na gani da idona. Tawa haka ta fara, na ce abinci ne ya ɓata mata ciki na zauna ina jira, ashe zaren ɗinki ta haɗiye, ya naɗe a ƙarƙashin harshenta sauran ya bi hanji. Kwana uku na ɓata kafin na kai ta, sai da aka yi mata tiyata, da kyar ta sha. Ki buɗe bakinta ki leƙa ƙarƙashin harshe Anti, in kin ga zare ko a baki ko ta baya kar ki ja, yanka hanji yake. Kuma tunda kaza ta ci ki yi tunanin ƙashi, dafaffen ƙashin kaza tsagewa yake da kaifi. In kika ga jini a aman, ko ruwa ma ba ya zama, ko ta kwanta ba kuzari, ko aman ya wuce awa 24, kar ki jira kowa a nan ki ɗauke ta sai wajen likita. Na san kuɗin baiɗari, wato likitan dabbobi, a ƙasar nan ba wasa ba ne ga mai ƙaramin albashi, amma kuɗin dubawa bai kai na tiyata ba. An taɓa yi mata rigakafi da maganin tsutsar ciki kuwa? Na tambaya ne don ta titi ce.

Uwar Biyu, Jidda:
Ngd sosai Allah ya saka da alheri. Yaya na leƙa bakin da fitilar waya babu zare, fatar ƙeyar ma tana komawa amma a hankali kaɗan. Tun azahar ba ta sake amai ba, bayan magariba na ba ta cokali ɗaya na kazar kamar yadda Hajiya ta ce, ta shinshina ta juya kai sai da na ɗora a yatsana sannan ta lasa ta cinye, yanzu awa biyu bai dawo ba. Rigakafi kam ba a taɓa yi mata ba gaskiya, maganin tsutsa sau ɗaya tana ƙarama. Na yi magana da maigidan, gobe da safe in sha Allah zai kai mu a duba ta saboda maganar ƙashin nan ta tsaya min a rai. Hajiya in ta tashe ni cikin dare tana neman abinci in ƙara mata cokali ɗaya ko in bari sai asuba?