Na san wanda ya fitar da kayan, amma ba a tambaye ni ba: shirun nan zunubi ne?

Mai tambaya:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. A wurin aikinmu an sami giɓi a lissafin kayan ɗakin ajiya, aka ɗora laifin a kan wani ƙaramin ma'aikaci, yanzu kuma ana shirin sallamarsa. Ni nake riƙe da littafin shige da ficen kaya, na kuma ga sa hannun wanda ya fitar da su, shugaban sashenmu ne da kansa. Ban yi ƙarya ba, ban ci komai a ciki ba, babu kuma wanda ya tambaye ni. Ina da iyali, idan na buɗe baki aikina na iya tafiya. Shin Allah zai kama ni da laifi don na yi shiru?

Wani dattijo a ikkilisiya:
Ɗana, ba zan ɓoye maka ba, amsar tana cikin Yaƙub 4:17, inda aka ce wanda ya san abin da ya kamata ya yi amma bai yi ba, zunubi ne a gare shi. Ka lura da misalin Basamariye a Luka 10. Firist da Balawi ba su ne suka yi wa mutumin fashi ba, ba su ƙara masa ko rauni ɗaya ba, sun gan shi ne kawai suka ratse ta wancan gefen hanya, Yesu kuwa bai lasafta su maƙwabtan mutumin ba. Haka ma a Matiyu 25, waɗanda aka ware a hagu a ranar shari'a ba a tuhume su da kisa ko sata ba, abin da aka karanta musu duka abubuwan da ba su yi ba ne: ba su ciyar ba, ba su tufatar ba, ba su ziyarci mai ciwo ko ɗan kurkuku ba. Batun cewa ba a tambaye ka ba kuwa, Karin Magana 31:8-9 ta umarce mu mu buɗe baki domin wanda ba shi da bakin kare kansa, ba ta ce sai an kira mu tukuna ba.

Wata 'yar'uwa:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina roƙo kada mu yi wa tsoron ɗan'uwan nan kallon rashin bangaskiya, domin mu da muke ba da shawara ba namu albashin ne zai tsaya ba. Ɗan'uwa, Esta ma ta ji tsoro, har sai da Mordekai ya tsananta mata, ta kuma nemi a yi azumin kwana uku kafin ta shiga wurin sarki. Ka yi addu'a, ka faɗa wa matarka, tun da abin da zai biyo baya ya shafe ta.

Wani ɗan'uwa mai aikin akawu:
Ni a kan yadda za a yi zan tsaya. Kada ka zargi kowa da sata, domin abin da ka gani sa hannu ne, ba ka san inda kayan suka tafi ba, wataƙila ma akwai bayani. Ka fara samun shugaban a keɓe, ka gaya masa cikin ladabi cewa littafin ya nuna shi ya fitar da kayan, kuma ba za ka iya yin shiru a kori marar laifi ba. Idan ya gyara, shi ke nan. Idan ya ƙi, ka kai shafin ga masu binciken lissafi na wurin aikinku a rubuce, da kwanan wata, ka tsaya a kan abin da ke cikin littafin kawai. Kafin duk wannan ka tabbata shafin yana wurin da ba za a yage shi ko a goge shi ba.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, na gode 'yan'uwa. Ban tabbata zan iya tunkarar shugaban ni kaɗai ba, domin mutum ne mai saurin fushi. Ya halatta in wuce kai tsaye wurin masu binciken?

Dattijon:
Ya halatta, ɗana. Ka'idar Matiyu 18 ta fara zuwa a keɓe tana magana ne a kan ɗan'uwa a cikin ikkilisiya, a nan kuwa shaida ce ta aiki da aka damƙa a hannunka. Amma ka je kafin a sa hannu a takardar sallamar yaron, domin bayan haka dawo da shi zai yi wuya.