Jama'a a taimaka, me za mu kira "jet" ɗin baƙin rami da Hausa?

Mai shiri: Assalamu alaikum. Gobe da la'asar za mu ɗauki shirin kimiyya na rediyo kuma na maƙale. Maganar baƙin rami ce, wato wurin nan a sararin samaniya mai ƙarfin jan da ko haske ba ya kuɓuce masa, wanda ke tsakiyar galaksi (taron taurari masu ɗumbin yawa), irin na galaksin M87 da aka fitar da hotonsa a 2019. Idan yana haɗiyar abu sai wani kaso ya kuɓuce ya fita ta ɓangare biyu a siririn layi da gudu kusan na haske, na M87 ɗin tsawonsa ya kai tafiyar haske ta shekara 5,000, tun 1918 masanin taurari Heber Curtis ya hango shi. Turawa jet suke cewa, ni kuwa in na ce jet a rediyo wallahi kowa jirgin yaƙi zai ɗauka.

Malamin kimiyya: Feshi mana.

Ɗan Damagaram: A'a Malam, feshi watsuwa yake kamar na maganin sauro, wannan kuwa a tsuke yake tafiya. Tsartuwa ta fi, yadda jini ke tsartuwa in an yanki jijiya.

Malamin kimiyya: Na karɓa. Amma Mai shiri kar ka tsaya a suna, aikin da take yi wa gas ɗin galaksi shi ne labarin. Sai gas ya huce ya dunƙule kafin taurari su samu, ita kuma tana ture shi tana zafafa shi. A tarin galaksi na Perseus na'urar hangen nesa ta Chandra da ke sararin samaniya ta ga manyan kumfa da tsartuwar ta hura a cikin gas mai zafi, shi ya sa bai huce yadda aka zata ba. Wani lokacin kuma matse gas ɗin take har a haifi sababbin taurari, kamar yadda aka gani kusa da galaksin NGC 541.

Baba Alhaji: Yaran nan kun ba ni mamaki. Indararo! Abu ya taru a sama ya sauko ta hanya ɗaya, ina wahalar take? Sannan mene ne gas, mene ne galaksi? Hausa ta rasa iska ne?

Malamar Hausa: Baba ranka ya daɗe, in ya ce baƙin rami yana korar iska daga gidansa ai masu sauraro ruƙiyya za su ɗauka ake yi 😂

Ɗan Damagaram: Kuma indararo ƙasa yake zubarwa Baba, ruwan faɗowa yake da kansa, wannan harbo shi ake.

Baba Alhaji: Kai da kuke cewa lakwal za ka koya min Hausa?

Ɗan Damagaram: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma ku ma na ji kuna cewa firamare, ban san ko kakanninmu ne suka bar mana ita ba.

Malamar Hausa: Aro ba kunya ba ne, littafi da alƙalami ma aro ne, sun dai tsufa a gida. Abin kunya shi ne a ce Hausa ba ta iya ɗaukar zancen, sai mun koma Turanci duk sanda magana ta yi nauyi.

Baba Alhaji: To abin da nake faɗa ke nan! Indararon wuta, ku gwada faɗa ku ji daɗinsa a baki.

Malamin kimiyya: Ba wuta ba ce ma Baba. In maganar zafafawa ce zugazugin maƙera ya fi kusa, ka ba da shi misali kawai.

Mai shiri: Na gode ƙwarai. Tsartuwa na rubuta, gas ya zauna a gas, zugazugi zai shigo wurin bayani. Galaksi kuwa har yanzu ba wanda ya ba ni komai.

Baba Alhaji: Garken taurari. Amma na san ba za ku ɗauka ba.

Malamar Hausa: Wannan kam ba laifi Baba.

Baba Alhaji: Da indararon nawa za a haɗa.